Darasi na 18: Cire Kujerar Baya a Motar A-kori-kura

A-kori-kura mota ce mai kashi biyu. Gaba akwai ɗakin direba, mai rufi da ƙofofi. Baya akwai bodi, inda ake zuba kaya. Kamfanin Ford na Amurka ya fito da tasa a shekarar 1925. Kamfanin Toyota na Japan ya fito da Hilux a 1968. A Kaduna an fara harhaɗa motocin Peugeot a 1975, har a-kori-kura 404 da 504 suka zama jakunan kasuwannin ƙauye.

Su 404 da 504 layin kujera ɗaya ne gare su. Amma yawancin na yanzu ƙofa huɗu ne, da kujeru layi biyu. Ɗaki ya ƙara girma, bodi ya rage tsawo. Shi ya sa waɗansu masu mota sukan cire kujerar baya, su mai da wurin ma'ajin kaya.

Me ya sa ake cirewa?

Bodi a buɗe yake. Da damina ruwa yana jiƙa kaya. Da hunturu ƙura tana rufe su. In ka tsaya a kasuwa, ɓarawo yana iya miƙa hannu. Cikin ɗaki kuwa akwai inuwa, akwai makulli. Bakanike yana son wurin akwatin kayan aikinsa. Mai gyaran rijiyar burtsatse yana son wurin injinsa. Manomi yana son wurin irin shuka, kada ya jiƙe. Wannan dabara ce mai amfani, amma tana da ƙa'ida. Wanda ya bi ƙa'ida ya ci riba. Wanda ya ƙi, yana iya jawo wa kansa asarar dukiya, har da ta rai.

Ka yi tunani tukuna

Kafin ka ɗauki sufana, ka tambayi kanka abu uku.

Na ɗaya: su wa nake ɗauka a motar nan? In kana kai yara makaranta, ko iyali asibiti, ko lebura gona, to ka bar kujera a wurinta.

Na biyu: ko kujerar tana naɗewa? A motoci da yawa akan ɗaga mazaunin ya jingina da bango, ko a kwantar da majingina. Sau da yawa wannan ya isa, ba sai an kwance kome ba.

Na uku: me takardun mota suka ce? A ƙasashe da yawa takardar mota tana faɗin yawan mutanen da aka yarda ta ɗauka. Ka gaya wa masu inshora abin da za ka yi, domin kada gardama ta tashi ran da tsautsayi ya faɗa.

Yadda ake cirewa

Ka tsai da mota a wuri mai laushin ƙasa ba gangare, ka ja birkin hannu, ka zare makulli. Ka kwance wayar batir mai alamar ragewa, watau (–), ka jira 'yan mintoci. Dalili shi ne, sababbin motoci suna da jakar iska wadda take fashewa ta tare mutum lokacin karo. Wayoyinta galibi rawaya ne. Kada ka yanke su, kada ka fizge su. In ka ga waya a jikin kujera ko a jikin bel, ka kira bakanike wanda ya san aikin.

Kujera da notuna aka ɗaure ta a daɓen mota. Ka nemi sufana wadda ta yi daidai da kan noti. Sufana mai girma tana cinye kan noti, sa'an nan aiki ya tsaya. In noti ya yi tsatsa, ka ɗiga masa mai, ka ba shi lokaci. Sannu ba ta hana zuwa.

In kun gama kwancewa, ku ɗauke ta ku biyu, domin kada ta yage rufin ƙofa. Ka kunsa ta cikin leda, ka ajiye a ɗaki mara laima, inda ɓera ba zai ci soson ba. Ran da za ka sayar da mota, mai saye zai tambaye ta.

Notunan bel da na kujera da ƙarfe mai tauri aka yi su. Ba irin na kasuwa ba ne. Kada ka yar. Mafi kyau, ka mai da kowane noti cikin raminsa ka ɗaure. Waɗansu ramukan sun huda har ƙasan mota. In ka bar su a buɗe, ƙura da ruwa za su shigo. Abin da ya fi muni, hayaƙin salansa yana iya shigowa. Cikin hayaƙin nan akwai wata iska mai guba, ba ta da launi, ba ta da wari. Tana sa ciwon kai da barci, tana kisa.

Shimfiɗa da shinge

Daɓen da ke ƙarƙashin kujera ba a miƙe yake ba. Ka sa kafinta ya yanka katako mai kauri daidai wurin. Ya ɗaure shi a ramukan notunan kujera, gama waɗannan ramuka an yi su domin riƙe nauyi. Kada ya huda sabon rami sai ya leƙa ƙasan mota. Can ƙasa akwai tankin mai, da bututun mai, da bututun birki, da wayoyi. A motoci da yawa jak da sufanar taya nan bayan kujera ko ƙarƙashinta suke. Ka bar musu hanya, kada taya ta yi faci ka tarar ka binne su.

Bayan wannan, ka sa mai walda ya yi shingen ƙarfe tsakanin kaya da kujerun gaba. Ka ɗaure kowane kaya da igiya mai ƙarfi. Masu nauyi su zauna ƙasa, marasa nauyi a sama. Kada kaya su wuce tsayin majingina, kada su tare gilashin baya.

Ga dalili. In mota ta yi karo, ita ce take tsayawa. Kayan da ba a ɗaure ba suna ci gaba da gudunsu. Karo a gudun kilomita 50 cikin awa ɗaya kamar faɗowa ne daga tsayin mita 10, watau kusan bene mai hawa uku. In gudu ya ninka biyu, ƙarfin bugu ya ninka huɗu. Ka tuna guduma ko batir da ke bayan ƙeyarka. Dā kujera da nisan bodi suna tsare ka. Yanzu kai da kaya ɗaki ɗaya kuke.

Wuri ya ƙaru, ƙarfi bai ƙaru ba

Kowace mota tana da iyakar nauyin da za ta ɗauka. An rubuta shi cikin littafin mota, ko a wata 'yar takarda jikin ƙofa. Yawancin a-kori-kura irin su Hilux suna ɗaukar kusan tan ɗaya, watau kilo 1,000. Cikin wannan lissafi har da direba da duk wanda ya hau. Kujerar da ka cire, a yawancin motoci, ba ta fi nauyin buhun siminti guda ba. Taya tana nan yadda take, sifirin yana nan, birki yana nan.

Bari mu yi lissafi. A ce iyakar motarka kilo 1,000 ne. Kai da yaron mota kilo 140. Kayan aikin da ka zuba a ɗaki kilo 110. An tashi 250. Saura 750. Buhun siminti kilo 50 ne. Ke nan buhu 15 za ka loda a bodi, ba 20 ba. In ka ƙara, taya za ta yi zafi, birki ba zai kama da wuri ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Abin da ba ya shiga wurin nan

Jarkar fetur ba ta shiga, tukunyar iskar gas ba ta shiga, gama tururinsu yana kama wuta. Maganin ƙwari da na ciyawa ba su shiga, gama kai za ka shaƙa. Wurinsu bodi, a ɗaure.

Mutum kuma ba ya shiga. Wani injiniya na kamfanin Volvo a ƙasar Suwidin, mai suna Nils Bohlin, ya fito da bel mai kama ƙirji da ƙugu a 1959. A Nijeriya an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel a 2003. Inda babu kujera babu bel. Kada ka zaunar da yaro a kan katako, ko da tafiyar daga gida zuwa gona ce. In tilas ta kama a ɗauki mutane, a mai da kujera da notunanta na asali, a ɗaure tam. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tambayoyi

1. Faɗi abu uku da za ka tambayi kanka kafin ka cire kujera.
2. Don me ake mai da noti cikin raminsa?
3. Me ke ƙasan daɓen mota wanda ya hana huda sabon rami?
4. Iyakar mota kilo 900 ne. Direba kilo 70, kayan ɗaki kilo 130. Buhun siminti nawa za a loda?
5. Rubuta wannan cikin littafinka sau uku: Wuri ya ƙaru, ƙarfin mota bai ƙaru ba.