Turai a Bakin Bahaushe: Hanyoyin da Sanin Turai Ya Bi Ya Iso Anka da Gummi da Bukkuyum

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa ɗalibin Hausa yakan ɗauka cewa tarihin Turai da labarin ƙasarta darussa ne na wasu sassa, waɗanda babu abin da ya haɗa su da nazarin harshe da adabi. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa Bahaushe ya daɗe yana koyon Turai, kuma harshensa ya adana shaidar wannan koyo. Za a kafa misali da garuruwa uku na yammacin Jihar Zamfara. Na farko shi ne Anka, inda sarautar Zamfara ta zauna tun ƙarni na 19, bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18. Na biyu shi ne Gummi, garin Sarkin Mafara, a bakin gulbin Zamfara. Na uku kuwa Bukkuyum, garin Sarkin Danko. Waɗannan garuruwa suna nesa da teku, kuma layin dogon da ya isa Ƙauran Namoda a 1929 bai bi ta kansu ba. Duk da haka, abin da aka ƙulla a Landan da Balin ya sha taɓa tukunyar tuwonsu.

2.0 Hanyar Littattafai da Fatauci

Tun kafin Bature ya taka ƙasar Hausa, malamai sun san da wata duniya a arewacin Bahar Rum. Duk almajirin da ya yi nisa a karatun allo yakan ci karo da sunan Rum, domin sura ta 30 a Alƙur'ani da shi aka ambace ta. Littattafan tarihi da na fiƙihu sun kawo sunan Andalus, watau ƙasar Sifen ta zamanin mulkin Musulmi, sannan alhazai suka kawo labarin Santambul. Zamfara ba baƙuwar wannan ilmi ba ce, ganin cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi da karantarwa a cikinta kafin jihadi.

Zurfin wannan sani ya bayyana a 1824, lokacin da Hugh Clapperton ya ratsa Zamfara ta Zurmi ya isa Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi masa tambayoyi game da rarrabuwar Kiristoci, ya kuma nuna masa yana da labarin yadda Ingilishi suka mamaye Indiya, da farmakin da jiragen ruwansu suka kai wa Aljazair a 1816. Da Clapperton ya komo karo na biyu, cikin tsarabarsa har da littafin lissafi na Uƙlidis, masanin Girka, da aka fassara da Larabci, kuma Sarkin Musulmi ya yi murna da shi ƙwarai. Wannan ya nuna cewa sanin Turai na farko ya shigo ne da rigar Larabci.

Ita kanta kalmar Bature tana ɗauke da wannan tarihi. A ƙarni na 19 har Larabawa fatake na arewacin Afirka ana kiran su Turawa, kuma unguwarsu a birnin Kano har yau Dandalin Turawa ake ce mata. Wanda ya fito daga Turai kuwa an fi kiran sa Nasara, saboda addininsa. Sai bayan zuwan mulkin mallaka kalmar ta taƙaita ga farar fatar Turai.

Fatauci ma ya kawo nasa darasin. Gulbin da ya bi ta Gummi shi ne ya gangara Jega, wadda kasuwarta ta shahara a ƙarni na 19. Daga cikin kuɗin da fatake suka sani akwai azurfar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tereza, wadda ake bugawa da shekarar 1780, shekarar rasuwarta. Heinrich Barth ya tarar ana canza ta a kan wuri 2,500 a Kano a 1851. Sunan irin wannan kuɗi a Jamusanci ya samo asali ne daga wani kwarin haƙar azurfa a ƙasar Bohimiya, kuma daga wannan tushe dalar Amurka da dalar Bahaushe suka fito. A Nijeriya dala ta koma nufin sule biyu, a Nijar kuwa tamma biyar.

3.0 Hanyar Mulki da Makarantar Boko

Daga Nuwamba 1884 zuwa Fabrairu 1885 ƙasashen Turai suka zauna a Balin suka shata ƙa'idojin mamaye Afirka. A 1898 Ingila da Faransa suka amince da iyaka mai kama da baka, wadda ta kewaye Sakkwato da nisan mil 100. An sake gyara ta a 1904 da 1906, domin Faransawa sun nemi hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram. Sakkwato ta faɗa hannun Ingilishi ran 15 ga Maris 1903, Anka da Gummi da Bukkuyum suka shiga Lardin Sakkwato.

Sakamakon wannan rabo yana nan a bakin mutane. Bazamfare ya koyi razdan da di'o da joji da en'e, ya ƙirga anini da kwabo da taro da sisi da sule da fam. Ɗan'uwansa na Maraɗi ko Ƙonni ya koyi kumandan da lakwal da mushe da kamyo. Mai nazarin aron kalmomi wanda bai san gasar da ke tsakanin Ingila da Faransa ba, zai iya jera waɗannan kalmomi a takarda, amma ba zai iya bayyana dalilin da ya sa harshe ɗaya ya yi aro daga rijiya biyu ba.

Makarantar boko, wadda Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, ita ta mayar da labarin ƙasa darasi mai taswira da jarrabawa. Daga cikin 'ya'yan wannan yanki da suka haɗa karatun zaure da na boko, babu wanda ya kai Shaihu Abubakar Mahmud Gumi shahara. An haife shi a Gummi cikin shekarun 1920, ya yi Midil ta Sakkwato, ya yi makarantar shari'a ta Kano, ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962. Ya taɓa koyarwa a Maru, inda ya zauna tare da Malam Aminu Kano, wanda bai daɗe da dawowa daga karatu a Landan ba. Ta bakin irin waɗannan malamai ɗaliban Zamfara suka fara jin labarin Turai daga wanda ya gani da idonsa.

4.0 Hanyar Jarida da Rediyo da Fassara

Bahaushe na farko da ya bar cikakken labarin Ingila da Hausa shi ne Dorugu, yaron da Barth ya tafi da shi Turai a 1855, wanda J. F. Schön ya rubuta maganarsa. Bayansa sai Alhaji Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairu 1939. Ya ziyarci Ingila a 1943, ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Jaridar ta zo daidai da Yaƙin Duniya na Biyu, saboda haka sunayen Jamus da Italiya da Rasha suka shiga zauruka, har talakawa suka raɗa wa yaƙin suna Yaƙin Hitila. Sojojin da suka komo daga Bama suka ƙara nasu labarin. Daga 1957 sashen Hausa na BBC ya fara magana daga Landan, na Jamus ya biyo baya a 1963, manomi ya koyi cewa agogon Nijeriya yana gaban na GMT da awa ɗaya.

Al'adun Turai kuwa sun fi shigowa ta adabi. Wasu labaran Magana Jari Ce an ɗauko tushensu ne daga tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan biyu, Grimm, aka sa musu riga da hula. Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara wasan Shakespeare da sunan Daren Sha Biyu, Bala Abdullahi Funtuwa ya fassara littafin George Orwell da sunan Gandun Dabbobi. Mai karanta Gandun Dabbobi ba tare da sanin juyin juya halin Rasha na 1917 ba, tatsuniyar aladu kawai zai gani, habaicin ya wuce shi.

A nan ne kuma matsalar labarin ƙasa take ɓullowa. Mai fassara yakan kira lokacin sanyin Turai hunturu, lokacin zafinta bazara. Amma hunturun Gummi iska ce busasshiya mai ƙura, na Landan kuwa damshi ne da duhu, wani lokaci da dusar ƙanƙara. Zamfara tana wajen daraja 12 arewa da tsakiyar duniya, Landan tana wajen daraja 51. Saboda haka yinin Landan yakan haura awa 16 a watan Yuni, ya kasa awa 8 a watan Disamba, abin da mai azumi a can ya fi kowa sani. Fassarar da ba ta yi la'akari da wannan ba takan ɓatar da mai karatu.

5.0 Zinariyar Anka da Bukkuyum

Babu misalin da ya fi na zinariya nuna nauyin wannan batu. A Satumba 1931 Ingila ta daina jingina darajar fam da zinariya, farashinta ya tashi, masu neman ta suka bazu a lardunan Neja da Zariya da Sakkwato. Da yaƙi ya yi tsanani, Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai aka juya ga Jos. Aka shiga diban gwamna, ana kwasar ƙarfafa daga lardunan Arewa, har da na Sakkwato, zuwa ramukan kuza, haƙar zinariya ta ja baya.

Bayan rikicin bankunan Amurka da Turai na 2008, masu dukiya suka ruga sayen zinariya, wadda tun 1919 ake tsayar da farashinta na duniya a Landan. Farashin oza ɗaya ya haura dala 1,200 a 2010. Mutanen karkara suka riƙa kai duwatsu cikin gidaje suna daka su suna niƙawa, alhali duwatsun suna ɗauke da dalma. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Dareta da Abare da Sunke da Bagega na ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru na ƙasar Bukkuyum. Yara kimanin 400 suka rasu. Ƙungiyar da ta fara gano abin ta kuma yi jinyar yaran, watau Likitoci Na Gari Na Kowa, an kafa ta ne a Faris a 1971, kuma wasu daga cikin waɗanda suka kafa ta likitoci ne da suka yi aiki a yaƙin basasar Nijeriya. Ashe igiyar ja take ta kowane ɓangare.

6.0 Kammalawa

An ga yadda sanin Turai ya iso yammacin Zamfara ta littattafan Larabci da fatauci, ta mulki da makaranta, sannan ta jarida da rediyo da fassara, kuma kowace hanya ta bar kalmominta a harshe. An kuma ga cewa haƙar zinariya a Anka da Bukkuyum ta tashi ta faɗi tare da abubuwan da suka auku a Turai. Saboda haka ya kamata ɗalibin Hausa ya ajiye taswirar Turai kusa da ƙamusunsa. Akwai kuma aiki na gaggawa a gabansa. Dattawan da suka ƙirga anini, suka ji labarin diban gwamna daga bakin iyayensu, suna ta ƙarewa. Idan ɗalibai 'yan Anka da Gummi da Bukkuyum suka yi amfani da hutunsu wajen tattara kalmomi da karin magana da labaran da ke bakin waɗannan dattawa, za su samar wa sashen Hausa abin nazari wanda babu shi a kowane ɗakin karatu na Landan.