Yadda Ake Tsara Tafiya Cin Rani Cikin Aminci

Cin rani shi ne tafiyar da manomi ke yi bayan an gama kaka, wajen watan Nuwamba, zuwa birni ko wata ƙasa don neman kuɗi, da niyyar ya dawo kafin ruwan shuka ya sauka a Mayu ko Yuni. A ƙauyukan Maraɗi da Damagaram da Tawa, da na Katsina da Sakkwato, inda damina ba ta wuce wata huɗu, wannan tafiya zuwa Kano da Legas da Kumasi da Abijan ta daɗe tana cike giɓin da gona ta bari, don haka hana ta ba mai yiwuwa ba ne; abin da ake iya gyarawa shi ne yadda ake yin ta.

Shirin yana farawa ne a bakin rumbu. Maigida yana ƙirga damman gero da dawa, ya ware na iri, ya ware abin da iyali za su ci har ya dawo, sannan ya nemi guzuri daga abin da ya saura. A wasu ƙauyukan Nijar ana amfani da warantaji, wato ajiye hatsi a ma'ajiyar ƙungiyar manoma a matsayin jingina a karɓi rance, a sayar da hatsin lokacin da farashi ya tashi, maimakon a karyar da shi a kasuwar kaka. Mafi munin guzuri shi ne wanda aka samu ta jinginar da gona ko ta cin bashin dillalin da zai kai mutum, domin wanda ya tashi da irin wannan bashi ba ya iya ƙin aiki komai muninsa.

Daga nan sai tabbatar da masauki da aiki tun kafin a hau mota. Tsohuwar al'adar zango, inda baƙo ke sauka hannun ɗan garinsu wanda sarkin zango ya sani, ita ce kariya mafi ƙarfi, saboda akwai wanda za a tambaya idan labari ya yanke. Idan kuwa aikin ta hannun kamfanin ɗaukar ma'aikata ne, musamman na ƙasashen Larabawa inda tsarin kafala ke ɗaure izinin zaman ma'aikaci ga mai gidansa, wajibi ne a ga lasisin kamfanin daga ma'aikatar ƙwadago, a kuma sa wani amintacce ya karanta yarjejeniyar da ta fayyace albashi da lokutan aiki da kuɗin komowa. Duk wanda ya ce zai riƙe fasfon ma'aikaci, ko ya ce kada a gaya wa iyaye, alamar fataucin mutane ce tare da shi, kuma a Najeriya hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003, ita ake kai wa ƙara.

Batun takardu ba shi da tsawo. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga wata ƙasar yankin ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba, amma tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, ya kamata a bincika ƙa'idar da ke aiki a kan iyaka. Ana tafiya da katin shaida da katin rigakafin shawara, a bar kwafinsu a gida.

Zaɓen hanya kuwa magana ce ta rai. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, akasarinsu mata da yara 'yan yankin Kance, waɗanda ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace. Soke dokar Nijar ta 2015 kan safarar baƙin haure da aka yi a Nuwamban 2023 bai rage nisan da ke tsakanin rijiyoyi ba, kuma har yanzu ana koro mutane daga Aljeriya zuwa garin Assamaka da ke kan iyakar Nijar. Tasha sananniya, da tafiya cikin rukuni, da sanar da gida a kowane zango, su ne ƙa'ida.

Abin da aka samu ana aiko shi kaɗan-kaɗan ta kamfanin aika kuɗi, kuma a nan ne rawar mata ke fitowa. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a Maraɗi a 1991, suna tara zubi kowane mako suna ba juna rance, ta yadda kuɗin cin rani ke zama ragon da za a kiwata wa kasuwar layya, ko injin ban-ruwa na noman albasa a fadama.  Ya kamata masu gari da limamai da ƙungiyoyin manoma su riƙa rubuta sunan kowane matafiyi da na mai masaukinsa kafin ya tashi, su kuma bi sawun duk wanda shuka ta yi bai dawo ba.