Filin Gwaggo: Sun sayi kamfanin, amma sunan Mama ne a jikin gorar

Gwaggo,

Mahaifiyata ce ta fara sana'ar zoɓo da kunun aya a tsakar gidanmu, da tukunya biyu da firji ɗaya, tun ina firamare. Da wannan sana'a ta ɗauki nauyin karatunmu bayan rasuwar Baba. Allah Ya sa albarka har ta yi rajista da NAFDAC, ta ɗauki ma'aikata. Bara wani babban kamfanin lemo ya yi mata tayi, ta sayar, saboda ciwon ƙafa ya hana ta doguwar tsayuwa. Sun bar sunanta a jikin gorar, ni kuma suka riƙe ni a matsayin mai duba inganci, da yake kimiyyar abinci na karanta.

A da abin da muka yi da safe yakan ƙare a cikin gari kafin magariba. Yanzu an ninka aikin sau bakwai, motoci na kai kaya har wasu jihohi. Tun da zafi ya shigo masu shaguna ke dawo mana da kaya. Gorar zoɓo ta kumbura kamar za ta fashe, in an buɗe ta yi kumfa tana wani irin wari, kunun aya kuma ya tsinke ya yi tsami. Na nuna wa manaja, ya ce laifin masu shaguna ne da ba su da wuta. Makon jiya ya umarce ni in sa hannu a saki wani zubi da na riƙe a sito, a kai shi kasuwannin ƙauye, wai can ba sa ƙorafi. Ban sa ba, ban kuma fito na ƙi ba, na ce zan sake dubawa.

Mama ba ta san komai ba sai da wata maƙwabciya ta tare ta a gidan suna ta ce, "Hajiya, me ya sami zoɓonki?" Ranar ba ta iya cin abinci ba. Gwaggo, da albashina nake saya mata magani. In na yi taurin kai za su iya korata. Yaya zan yi?

'Yarki, daga Kaduna.

'Yata,

Kada ki sa hannu. Na fara da wannan ne don kada ya ɓace a cikin dogon bayanin da zai biyo baya.

Ke kin yi karatun abin, amma bari in faɗa saboda sauran masu karatu. Gora ba ta kumbura haka kawai. Wani abu mai rai ne a ciki yake cin sukarin yana fitar da iska, kuma a zoɓo yawanci yis ne. Yis idan ya ci sukari iska yake fitarwa tare da barasa. Ke nan warin da kike ji, warin abin da ya fara komawa giya ne, a cikin gorar da ake saya wa yara a ƙofar makaranta, kuma masu azumi ke buɗe baki da ita. Kunun aya ya fi ba ni tsoro. Zoɓo yana da tsamin kansa da ke hana yawancin miyagun ƙwayoyin cuta sakewa, shi kuwa kunun aya ba shi da wannan kariya, kusan kamar madara yake. In ya kwana cikin zafi, abin da ke haifar da amai da gudawa yana iya hayayyafa a cikinsa tun harshe bai ji canji ba. A ƙauyen da manajanki ke cewa ba sa ƙorafi, can ne asibiti ya fi nisa.

Maganarsa cewa masu shaguna ba su da wuta gaskiya ce, amma gaskiyar ba ta wanke shi ba. Mahaifiyarki ta gina sana'arta a kan abin sha da ake yi da safe a shanye da yamma. Saurin ƙarewar shi ne maganin lalacewarsa, ko da ita ba ta taɓa kiransa da wannan suna ba. Wanda ya ɗauki wannan abin sha ya ce zai yi kwanaki a mota da sito da shago, ya canja sana'ar gaba ɗaya, kuma a kansa nauyin yake ya canja yadda ake dafawa, da durawa, da sanyayawa. Kamfanin ya san halin da wutar lantarki take ciki a Nijeriya kafin ya loda motar farko.

Zan ba ki labarin wani kamfani a Amurka. Na giya ne, kuma na san wasu za su ce me ya kawo giya filin Gwaggo. Na kawo shi ne don ban san wani labari da ya yi kama da naki kamarsa ba. A 1988 wani mutum mai suna John Hall ya buɗe ƙaramin wurin dafa giya a birnin Shikago, ya sa masa suna Goose Island. Abin da ya fi fito da sunansu wata baƙar giya ce, Bourbon County, wadda ake zubawa a gangunan katako ta yi watanni kafin a dura, a fitar da ita sau ɗaya a shekara, mutane su yi layi tun da asuba. A 2011 katafaren kamfanin Anheuser-Busch ya saye su a kan dala miliyan 38.8. Masoyansu da yawa suka yi fushi, suka zuba ido su ga ranar da za a lalata musu abinsu. An ƙara yawan gangunan, an faɗaɗa kasuwar. Sai ga fitowar 2015 ta zo da matsala: mutane na buɗe kwalba suna jin tsamin da bai kamata ba. Da aka bincika, sai aka gano wata ƙwayar bakteriya mai suna Lactobacillus acetotolerans, dangin waɗanda ke mayar da madara kindirmo, ita ce ta shiga.

Ga abin da nake so ki riƙe. A watan Janairun 2016 kamfanin ya fito ya amsa cewa nau'i biyu sun lalace, ya ce duk wanda ya saya za a mayar masa da kuɗinsa. A tsakiyar shekarar ya sake fitowa ya ƙara wasu a kai. Daga fitowar 2016 kuma suka fara dumama giyar na ɗan gajeren lokaci kafin a dura ta, don kashe irin waɗannan ƙwayoyi, dabarar da duniya ta gada daga Louis Pasteur na Faransa tun ƙarni na 19. Sun yi asara, sun sha zagi, amma har yau suna fitar da Bourbon County kowace shekara ana saye. Tasu matsalar ma ta ɗanɗano ce, ba ta rashin lafiya ba, duk da haka suka mayar da kuɗi. Idan masu sayar da giya sun ga bai dace su ci kuɗin mutum a kan gurɓataccen kaya ba, ina ga masu sayar wa Musulmi zoɓo da sunan wata Hajiya? Kin san labarin da Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, da irin tsawatarwar da ya yi wa mai kayan. Kai wa mutanen ƙauye abin da mutanen birni suka ƙi, algus ne tsagwaronsa.

Ban ce girman kamfani shi ne cutar ba. Babban kamfani ya fi mahaifiyarki ƙarfin sayen injin dumamawa, da ɗakin sanyi, da motar firji, da ɗakin gwaje-gwaje. Abin da ke faruwa shi ne ana ninka dahuwa ba a ninka dubawa ba. Wannan ita ce hujjar da za ki shiga da ita, domin ita ce yaren da masu kuɗi ke ji: sun biya maƙudan kuɗi sun sayi suna, manaja kuma yana ƙona sunan don ya cike lissafin wata guda.

Daina magana da baki. Rubuta. Takarda ɗaya ta isa, mai kwanan wata, zuwa ga manajan, da kofe ga wanda ke sama da shi. Sa lambar zubin da kika riƙe, da yawan katan, da abin da kika gani, da adadin kayan da aka dawo da su tun farkon zafi, kowanne da lambarsa. Ki ce a fili ba za ki saki zubin ba sai sakamakon gwaji ya fito, ki nemi a aika samfur zuwa ɗakin gwaji na waje, wanda ba a ƙarƙashin kamfanin yake ba. Ki ɗauki hoton gororin, ki ajiye kofen takardar a gida. Daga yau kuma kowane zubi ki ware gora kaɗan, wasu a firji, wasu a zafin ɗaki, kina dubawa kullum kina rubutawa. Cikin mako biyu za ki san ainihin kwanakin da kayanku ke iya yi, ki gwada da ranar lalacewar da ake bugawa a jikin gora. Ki bi layin aikin da ƙafarki: ruwan da ake amfani da shi, bututun da ake wankewa tsakanin zubi da zubi, zafin da ake kaiwa da tsawon lokacinsa, da mintuna nawa abin ke zaune a buɗe kafin a rufe. Sau da yawa ɓarnar tana maƙale ne a bakin injin durawa da aka daina kwancewa a wanke saboda gaggawa. Idan wani ya ce a ƙara sinadarin hana lalacewa a wuce wurin, ki tuna masa cewa sinadarin benzowet a abu mai tsami kawai yake aiki sosai, ba zai ceci kunun aya ba.

In suka karanta suka gyara, alhamdu lillahi. In suka saki kayan a bayan idonki, to ki sanar da NAFDAC. An kafa hukumar a 1993 don irin wannan, kuma lambar da ke jikin gorarku an ba da ita ne bayan an duba wurin aiki da yadda ake haɗawa. Tana da ikon ta sa a janye kaya daga kasuwa.

Ba zan yi miki alkawarin cewa aikinki zai tsira ba. Yana iya tafiya. Amma ki duba ɗaya ɓangaren: ranar da yaro ya kwanta asibiti aka bi sawun gorar, sa hannun da za a tarar a takardar saki naki ne, ba na manaja ba. Don haka yake so ke ki sa. Fara neman wani wurin a hankali tun yanzu, ki kuma zauna da 'yan'uwanki a raba nauyin maganin Mama, kada tsoron kuɗin magani ya zama igiyar da za a ja ki da ita.

Ita kuma Hajiya, ki faɗa mata gaskiya duka, cikin natsuwa. Ɓoyewar ce ta sa ta ji a bakin maƙwabciya. Ku fito da takardar cinikin ku kai wa lauya ya duba abin da aka rubuta game da sunanta, ko akwai sharaɗin inganci, ko hanyar da za ta nemi a cire shi. Ko babu, tana da damar ta rubuta wa shugabannin kamfanin da kanta. Wasiƙar matar da sunanta ke jikin kowace gora ba za a jefar da ita a kwandon shara cikin sauƙi ba. Ki gaishe min da ita, Allah Ya ba ta lafiya.

Ga kuma wata tambayar: Gwaggo, ina da ƙaramin shago. Wani lokaci yogot da zoɓo sukan kumbura a firjina in wuta ta daɗe ba ta zo ba, dila kuma ya ƙi karɓa. Ya halatta in karya kuɗin in sayar, in dai na faɗa wa mai saye?

Ɗanki, daga Zariya.

Ɗana, na yaba da ka tambaya, amma a'a. Faɗa wa mai saye yana wanke ka a aibin da ba ya cutarwa, kamar gwangwanin da takardarsa ta yage. Abin da ya kumbura ya riga ya lalace, kuma mai neman araha galibi yaro ne ko uwa mai yara. Rage yawan da kake sara a lokacin zafi, ka yi yarjejeniyar mayar da kaya da dila kafin ka karɓa, in ya ƙi ka canja dila. Waɗanda suka kumbura kuwa, buɗe su ka zubar da kanka, kada ka jefa su a bola a rufe yara su tsinta.