Darasi: Hoton Kayan Ado Shi Ne Shaidar Mai Sana'a

A cikin ikilisiyoyinmu akwai mata da matasa da yawa masu aikin hannu. Waɗansu suna shirya duwatsun wuya da 'yan kunne, waɗansu suna ɗinka abin hannu na fata, waɗansu kuwa suna haɗa carbin Rosari. Da ribar wannan aiki ake biyan kuɗin makaranta, ake sayen magani, ake yin cefane. A da, mai saye yakan zo da ƙafarsa, ya ɗauki kaya ya jujjuya, ya ji nauyinsa a tafin hannu, kana a yi ciniki. Yanzu kuwa kasuwa ta shiga wayar hannu. Ana baje kaya a Facebook, da Instagram wanda aka buɗe a 2010, da WhatsApp Business wanda ya fito a 2018. Mai saye tana Legas, mai sayarwa tana Kafanchan, ba su taɓa ganin juna ba.

Masu iya magana sun ce ba a cinikin biri a sama. To, a kasuwar intanet hoto ne yake sauko da birin. Idan hoton ya yi duhu, aikin mako guda ya tafi a banza, gama ba wanda zai taya. Idan kuwa hoton ya fi kayan kyau, za a saya sau ɗaya, a dawo da shi da fushi, suna kuma ya ɓaci. Saboda haka abin da za mu koya a wannan darasi guda ne: yadda za mu sa hoto ya nuna kaya daidai yadda yake.

1. Haske

Haske ne farkon aiki, ya kuma fi tsadar waya muhimmanci. Rana tsaka ba ta dace ba, domin takan sa ƙarfe ya yi walƙiya har zanen da ke jikinsa ya ɓace, inuwa kuma ta yi baƙi ƙirin. Fitilar nan ta waya da take walƙiya lokacin ɗaukar hoto ita ma haka take yi, sai mu kashe ta. Gindin bishiya ma ba wurin aiki ba ne, gama ganye yakan yayyafa wa kaya dabbare-dabbaren haske. Wurin da ya fi shi ne bakin taga ko ƙofar zaure inda haske yake shigowa sosai amma rana ba ta bugun kayan kai tsaye. In ta buga, sai a rataya farin yadi marar kauri a tagar, ya tausasa hasken.

Kada mu haɗa haske iri biyu. Hasken rana fari ne, na ƙwan lantarki irin na dā kuwa yana da rawaya-rawaya. In suka gauraya, azurfa takan fito kamar tagulla. Sai a kashe ƙwan ɗaki, a bar taga ita kaɗai. A ɗaya gefen kayan kuma a jingina farar takarda mai kauri, za ta mayar da haske ta rage inuwa.

Wanda yake so ya kyautata aikinsa yana iya yin ɗan ɗakin hoto da kwali. A yanke gefe biyu da saman kwalin, a rufe wuraren da farin yadi, a shimfiɗa farar takarda daga bango zuwa ƙasa ba tare da an karya ta ba. Wannan bai kai kuɗin kwanon abinci ba.

2. Kowane kaya da halinsa

Azurfa madubi ce. Duk abin da yake kewaye da ita, shi take nunawa. Mu ɗauki misalin abin wuyan nan da maƙeran Buzaye suke ƙerawa, wanda aka sani da gicciyen Agadas. In mai ɗaukar hoto yana sanye da jar riga, ja zai bayyana a jikin azurfar. Don haka a kewaye ta da fari, a sa tufafi marasa launi mai ƙarfi, a karkatar da ita kaɗan har zanen maƙeri ya fito. Baƙin da yake cikin layukan zane kuwa kada a kankare shi, gama shi ne yake bayyana gwanintar.

Duwatsun gilashi halinsu dabam ne. A unguwar Masaga ta garin Bida, masu sana'a suna narkar da kwalabe su yi tsakiya da mundaye da su, aikin hannun garin ne kuma ya sa hukumar UNESCO ta sa Bida cikin jerin biranen fasaha a 2021. Irin waɗannan duwatsu suna son haske ya zo musu ta baya ko ta gefe, ya ratsa su, launinsu ya fito. Kayan fata kuwa suna son haske ya zo a kwance daga gefe ɗaya, domin ɗinki da tambari su yi 'yar inuwa, ido ya gane su.

Kafin a ɗauki hoto, a goge kaya da ƙyalle mai laushi. Kyamara tana ganin shatin yatsa da ƙura fiye da idonmu, balle a lokacin hunturu. Shimfiɗa kuma ta zama mai launi ɗaya: fari, ko toka-toka, ko katako marar zane. Atamfa mai furanni takan haɗiye kayan, ido ya rasa inda zai tsaya.

3. Riƙon waya

Da farko a goge gilashin kyamara, gama maiƙon hannu ne yake sa hotuna da yawa su yi hazo. Na biyu, kada a riƙe waya a iska. A jingina ta a kan littattafai, a saita ta ta jira daƙiƙa 3 kafin ta ɗauka, domin motsin yatsa kada ya girgiza ta. Na uku, a taɓa fuskar waya daidai inda kayan yake, domin kyamara ta mai da hankali a kansa. Na huɗu, kada a yi ta jawo hoto da yatsu biyu, domin a yawancin wayoyi hakan yana rage kyansa. Gara a matso da wayar, amma in an matso har hoton ya dushe, sai a ja baya kaɗan, a datse gefe daga baya.

4. Hotuna biyar

Mai saye yana da tambayoyin da ba zai iya yi da hannunsa ba. Hotuna biyar za su amsa masa. Na farko ya nuna kayan gaba ɗaya. Na biyu ya matso kusa, a ga ƙira ko ɗinki. Na uku ya nuna baya da maɗauri, gama a nan ne sarƙa takan fara lalacewa. Na huɗu ya nuna girma, wato a ajiye rula kusa da kayan, domin ɗan kunne mai santimita 2 yana iya cika fuskar waya har a zaci babba ne. Na biyar ya nuna shi a wuya ko a hannun mutum. A nan lalle ne a nemi izinin mai sanye da shi, ba kuwa dole ne fuskarsa ta fito ba. Fuskokin yara ma kada mu sa su a talla ko kaɗan.

5. Gaskiya a hoto da a bayani

Manhajojin waya suna iya ƙara wa launi ƙarfi, su share tabo, su mai da roba kamar murjani. Gyaran da ya halatta shi ne wanda yake kusantar da hoto ga kayan: datse gefe, ƙara haske kaɗan, daidaita fari ya zama fari. Ga gwaji mai sauƙi: a ɗora kayan kusa da wayar a bakin taga, a dubi biyun. In hoton ya fi kayan ja ko ƙyalli, an wuce gona da iri.

A ƙarƙashin hoto a rubuta tsawo da santimita, nauyi da giram, da ainihin abin da aka yi kayan da shi. Lambar 925 a jikin azurfa tana nufin kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce. Zinariya mai karat 18 kashi 75 ce cikin ɗari, mai karat 21 kuwa kashi 87.5. Abin da aka yi wa ruwan gwal kawai, a faɗa haka a fili. Aikin hannu ba ya fitowa iri ɗaya sak, sai a sanar da mai saye cewa za a iya samun ɗan bambanci. In akwai tabo, a nuna shi, a rage kuɗi.

Katekizim na Ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, ya lissafta zamba cikin ciniki a cikin abubuwan da doka ta bakwai ta hana. Mun saba jin wannan game da mudun da aka buga wa gindi. Hoton da aka yi wa kwalliyar ƙarya shi ma irin mudun nan ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Mai sayen da ya buɗe ƙunshi ya tarar da abin da ya gani a waya, shi ne zai dawo, ya kuma kawo 'yan'uwansa.

Tambayoyi don tattaunawa a Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa

1. A gidanmu, wace taga ce take da hasken da ya dace, kuma da ƙarfe nawa?

2. Wane gyaran hoto ne ya halatta, wanne ne kuma ya zama ruɗi?

3. Wa yake da waya mai kyau a cikinmu da zai taimaki tsofaffin masu sana'a?

A taro na gaba kowa ya zo da kaya guda da hotunansa biyar, mu gwada su tare. Allah ya sa albarka a aikin hannuwanmu.