Yadda Ɗan Ƙwallon Jami'a a Amurka Yake Kare Darajarsa Bayan Rauni

A ƙwallon Amurka, wadda ake rungumewa a ruga da ita, kowace Afrilu ƙungiyoyi 32 na gasar NFL suke zaɓar matasa daga jami'o'i, zagaye bakwai, ta kashin baya a kakar da ta wuce ita ke fara ɗauka. Tun 2011 albashin sabon ɗan wasa ya rataya ne a kan lambar da aka kira sunansa, shi ya sa raunin gwiwa ɗaya kan cinye miliyoyin daloli.

Matakin farko ana ɗaukarsa tun ƙafa tana lafiya. Yaron da ake sa ran zai fita da wuri yakan yi inshorar faɗuwar daraja, sannan ya auna ko wasan rufe kaka ya cancanci kasada. A Disamba 2016 Leonard Fournette da Christian McCaffrey suka ƙi buga nasu. An sha yi musu gori, amma aka ɗauki Fournette na 4, McCaffrey na 8. Jake Butt na Jami'ar Michigan ya buga, jijiyar gwiwarsa ta tsinke, sai a zagaye na biyar ƙungiyar Denver ta waiwaye shi.

Idan ƙaddara ta riga fata, mataki na biyu shi ne neman likitan da ƙungiyoyin suka yarda da hannunsa, a kuma adana kowane hoto da rahoton tiyata. Jaylon Smith na Jami'ar Notre Dame ya ji mummunan rauni ranar 1 ga Janairu 2016, har ya taɓa jijiyar da ke ɗaga tafin ƙafa. Ƙungiyoyi suka ja da baya. Dallas ce ta ɗauke shi na 34, kuma ba abin mamaki ba ne, domin likitanta ne ya yi masa aikin, ya san abin da sauran suke ta hasashe a kai. Smith ya zauna kakar 2016 ɗungurungum, daga baya ya shiga sahun zaɓaɓɓun gasar a 2019.

Na uku, ɗan wasan ya halarci taron tantance 'yan wasa da NFL ke yi a birnin Indiyanafolis a ƙarshen Fabrairu ko da bai iya gudu. 'Yan kallo gudun yadi 40 suke jira a talabijin, su kuwa ƙungiyoyi hankalinsu na ɗakin likita, inda ake murɗa gwiwa, a ɗauki hoton MRI. Ɓoye tsohon ciwo a nan wauta ce, na'ura za ta tona. Wanda bai gama warkewa ba ana sake kiransa a Afrilu, kuma wannan dubawa ta biyu ita ke nuna ko ana samun sauƙi.

Na huɗu, wakilinsa ya tuna wa kowa abin da yaron ya yi kafin ya faɗi. Irin raunin da girman baiwar su ake ɗorawa a ma'auni. Tua Tagovailoa ya goce a ƙugu a Nuwamba 2019, duk da haka Miami ta ɗauke shi na 5, domin mai jefa ƙwallo irinsa ba ya samuwa a arha. Willis McGahee ya lalata gwiwa a Janairu 2003, Buffalo ta ɗauke shi na 23, ta jira shi shekara guda.

Wanda ciwo ya maimaita masa kuwa, lissafinsa daban ne. Marcus Lattimore ya ji rauni a gwiwa ɗaya a 2011, ɗayar kuma a 2012. San Faransisko ta gwada sa'a da shi a zagaye na huɗu a 2013, ya yi ritaya a Nuwamba 2014 bai buga mata wasan gasa ko ɗaya ba.