Yadda Ake Zama Gwanin Dara

Dara wasa ne na mutum biyu da ake yi a gurabe 30, wato layi biyar masu gurbi shida-shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. A Kanya Babba da sauran garuruwan ƙasar Babura, a rairayi ake tona guraben a gindin bishiya, galibi da rani bayan an kai amfanin gona gida. Ɗaya ya riƙe guntayen kara, ɗaya tsakuwa. Ba a gane gwani a wasa ɗaya, sai an daɗe ana karawa.

1. Sanin ƙa'ida. Ana dasa 'ya'ya bi da bi, kuma ba a jera uku lokacin dasawa. Daga nan sai a riƙa matsar da ɗa gurbi ɗaya, gaba, baya ko gefe. Wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin karawarsa guda. Jerin huɗu ba ya ci.

2. Kula da dasawa. In an gama dasa 'ya'ya 24, gurabe shida kacal ke saura. Gwani kan dasa nasa biyu-biyu kusa da su, yana toshe na abokinsa. A nan ake cin yawancin wasa.

3. Kafa tarko. 'Ya'ya biyar sun isa: biyu a layi ɗaya, biyu a layin da ke maƙwabtaka da shi, na biyar yana kai da komo tsakaninsu. Duk motsinsa ci ne.

4. Zaɓen abin cirewa. Ana fara cire ɗan da ke shirin cika wa abokin karawa uku, ko wanda ya tsare hanya.

5. Karantar abokin karawa. Wani gaggawa gare shi, wani gefe yake so. Zaman kallo kafin shiga yana nuna wannan.

6. Danne zuciya. Mai neman ramuwa cikin fushi yakan buɗe gurbin da bai kamata ba, sai dara ta ci gida. Wanda aka ci sau biyu a jere, gara ya tashi ya sake nazarin dasawarsa.

7. Nisantar kuɗi. Da zarar an sa kuɗi, wasa ya zama caca, wadda Musulunci ya haramta. Tsoron asara kuma yana ɓata lissafi.

Mai haƙuri da lissafi shi ke daɗewa ana jin sunansa a dandalin dara.