Yadda Ake Zaɓen Ƙaramin Injin Cika Tankin Ruwan Mota

A Amurka da Turai akwai wata irin mota da aka gina wa ɗaki a ciki, da gado da murhu da makewayi, wadda iyali kan shiga su yi doguwar tafiya, su yada zango inda dare ya riske su. Kuma da yake ba kowane zango ke da famfo ba, matafiyi kan ɗebo ruwa a jarkoki, sa'an nan ya nemi ƙaramin inji da zai tura shi cikin tankin ruwan motar. Sharuɗɗan zaɓen wannan inji kuwa suna da fa'ida ga duk mai son cika tanki.

Sharaɗi na farko shi ne wuta, domin galibin waɗannan injuna da baturin mota mai bolt 12 suke aiki, saboda haka wajibi ne a sa fiyus a kan wayar, don kada ta yi zafi ta haddasa gobara.

Na biyu shi ne saurin zuba, wanda ake rubutawa a jikin injin da adadin lita a minti. In tankinka na cin lita 150, injin kuma na zuba lita 10 a minti, to, cikin minti 15 zai cika. Amma ka sani, iyakar tsawon tiyo da tudun da ruwa zai hau, iyakar raguwar ƙarfinsa.

Na uku shi ne zurfi. Bisa hikimar Ubangiji, nauyin iska ne ke tura ruwa sama cikin tiyon tsotso, don haka babu injin da ke iya tsotso daga zurfin da ya zarce kimanin mita 10, ƙanana kuwa ba sa ko kusantar haka. In ruwan na can ƙasa, sai a nemi irin wanda ake nutsarwa a ciki.

Na huɗu, wanda ya fi duka muhimmanci, shi ne tsabta. A nemi tiyon da aka yi musamman don ruwan sha, a sa rariya a bakinsa don tare yashi, kada kuma a kuskura a yi amfani da injin da ya taɓa jan fetur ko kananzir.

Ya kai mai karatu, auna tankinka da tsawon tiyonka kafin ka tafi kasuwa, kada arha ta ruɗe ka, domin lafiyar iyalinka amana ce a wuyanka.